Dirhamin Baffa da Yumɓun Rufewa

Baffa ya koma ga Mai shi ranar wata Talata da hantsi, bayan an gama shigar da amfanin gona. Na Allah ne mu duka, kuma hanyar da ya bi ita ke jiranmu. Ina tsaye a gaban allo a makarantar da nake koyar da tarihi a Ungogo waya ta same ni. Kafin mota ta sauke ni a ƙauyenmu na ƙasar Bagwai har an kai shi an dawo, domin a gidanmu ba a ajiye gawa don jiran wani. Yayan mahaifina ne, kuma a hannunsa na tashi tun rasuwar mahaifina ina 'yar ƙarama, saboda haka duk wanda ya shigo gaisuwa sai an nuna masa ni tare da 'ya'yansa na cikinsa.

Na sha zaman makoki, amma ban taɓa jin ana yabon mamaci da irin abin da aka yabi Baffa da shi ba. An faɗi haƙurinsa da tsare sallarsa, kamar yadda ake faɗa wa kowa. Sai dai da an ɗan jima zancen yakan karkata wani wuri. Wani tsohon manomi, maƙwabcinmu, ya tsaya a ƙofar soron ciki ya yi mana gaisuwa, ya juya zai tafi, sai ya dawo ya ce, "To yanzu in gwamnati ta sake kuɗi, wa zai duba mana?" Matan da ke zaune suka yi dariya da hawaye a fuskarsu. Wata tsohuwa ta ce ita a bakin Baffa ta fara jin cewa akwai lokacin da Musulmi ke cefane da kuɗi mai hoton wuta, kuma har yau abin bai daina ba ta mamaki ba.

Da la'asar maƙerin azurfa na garinmu ya aiko a kira ni. Na same shi a tsugune a bakin zaure, hularsa a hannu.

"Malama, yana nan?" Bai faɗi ko mene ne ba, ni ma ban tambaya ba.

Na ce yana nan, a ɗakin Baffa.

Ya ce, "Tun ina saurayi nake zawarcin azurfar nan yana hana ni. Yau kuma, wallahi, addu'a nake kada a kawo min ita."

Abin da yake nufi wani dirhami ne, tsohon kuɗin azurfa guda ɗaya tak. Faɗinsa bai wuce murfin kwalbar lemo ba, ga shi siriri, baƙi ƙirin don tsufa, da 'yar huda a gefe. Kakan Baffa ne ya zo da shi. Ya tafi aikin hajji a ƙasa ta hanyar Sudan, ya yi shekaru har aka fid da rai, sannan ya dawo da tasbaha da ciwon ƙafa da wannan abu. A gida aka sa masa suna kuɗin Makka. Matarsa ta kai wa maƙeri aka huda shi, ta rataya a wuya har ta mutu, 'yarta ta gada. Kowa ya san akwai rubutu a jiki, amma rubutu ne marar ɗigo marar wasali, haruffa a miƙe kamar shingen kara, ba wanda ya damu ya karanta. Albarkarsa ake so, kuma ana ganin an samu.

Baffa ne ya ƙi yarda da haka. Gwaggo, ƙanwarsa da ke bi masa, ita ta ba ni labarin, domin lokacin ba a haife ni ba. Yana saurayi, ya dawo daga karatu a birni an ba shi koyar da Arabiyya a firamare, sai ya karɓi kuɗin Makka daga hannun mahaifiyarsu ya shige zaure da shi. Rubutun tsakiya bai ba shi wuya ba, don rubutun allonmu ɗan'uwan wancan rubutu ne: gefe ɗaya kalmar shahada, ɗaya gefen Ƙulhuwa. Wanda ya wahalar da shi shi ne ɗan siririn layin da ya zagaye baki. Ya yi damina ya yi rani a kansa. Ya gano farkonsa, ya gano ƙarshensa, kalma ɗaya ta tsaya masa a tsakiya, har ranar da yake duba wani littafin tarihi da ya aro ya ci karo da sunan wani birni a ƙasar Iraƙi. Gwaggo ta ce tana surfe ta gan shi ya shigo tsakar gida ba hula ba takalmi, malamin makaranta guda, yana cewa, "Wasiɗ ne. Inna, Wasiɗ ne." Mahaifiyarsu ta ɗauka wani baƙo ne ya iso, ta ce a kai masa ruwa.

Ga abin da layin ya ce, kuma babu wanda ya tashi a gidanmu bai haddace shi ba: da sunan Allah, an buga wannan dirhami a Wasiɗ, a shekara ta kaza da casa'in. Kalmar da ke gurbin kaza ɗin nan ita hudar ta cinye. Maƙerin da ya huda wa kakarmu bai sami wurin kafa basillarsa ba sai kan kalmar da za ta cika lissafin. Baffa yakan ce, "Casa'in da wani abu bayan Hijira. Wani abun yana wuyan kakarku." Yana faɗa yana dariya, amma na san abin yana ci masa rai.

Ki tsaya ki yi tunani, in ji shi. A ko da yaushe haka yake farawa, ko da namiji yake magana sai dai ya sauya ya ce ka tsaya. Hijira ba ta cika shekara ɗari ba aka buga wannan. Mutumin da ya fara karɓarsa a kasuwa, mai yiwuwa kakansa ya ga Sahabbai da idonsa. Ni dai har na girma na yi aure na haihu, tsigar jikina ba ta daina tashi a wannan gaɓar ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci yake fito da shi. Ba ya taɓa shi sai da alwala, kuma ba ya barin wani ya taɓa sai da ita. Yakan ce tun farko ma malaman wancan zamani sun yi ƙorafi a kan sa ayoyi a jikin abin da kowane hannu zai riƙa. Sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan buzu, ya ɗora dirhamin a sama, a ƙasa ya jera abin da ke cikin wani gwangwanin madara: wuri, da anini mai huda, da sule, da kobo. Manoma su cika zauren. Wasu don karatun suka zo, wasu don inuwa, bai taɓa bambancewa ba.

A wannan zaure na fara sanin cewa tarihi ba hadda ba ne. Baffa ya ce mai rubuta labarin sarki tuwon sarki yake ci, dole ka saurare shi da kunne ɗaya. Amma wanda ya buga dirhamin nan bai san da mu ba, ba don ya burge mu ya buga ba, don a sayi gurasa a biya soja ya buga. Shi ya sa shaidarsa ta fi ƙarfi. Ya ce da Musulmi suka ci ƙasar Farisa sun daɗe suna kashe kuɗin da suka tarar, mai kan sarki a gaba da wurin bautar wuta a baya, sai dai su ƙara ɗan sunan Allah a gefe. Daga baya aka share hoton gaba ɗaya aka bar rubutu zalla. "Ku manoma ne, kun san ɗan kasuwa," in ji shi. "A ce masa ya bar kuɗin da kakansa ya sani ya karɓi baƙo, kuma ya karɓa. Ran da ya karɓa, ran nan mulki ya zauna. Ba sai littafi ya gaya min ba." Ya ce a garuruwan da ba a jin Larabci ma wannan rubutu ya shiga kowane aljihu, shi ne rediyonsu. Sunan birnin kuwa, ya ce duk inda ka ga ana buga kuɗi da yawa, ka duba kusa za ka ga sansanin mayaƙa, kuma da ya bincika haka Wasiɗ take.

Har lahanin da ke jikinsa sai da ya sa shi magana. Akwai inda aka ɗan yanke a baki. Baffa ya ce wani ne ya gutsuri azurfar ya tura sauran gaba, wato ha'inci ya girmi kakan kowa. Akwai kuma ƙarzanen da wani ɗan kasuwa ya yi don ya tabbatar ba dalma aka lulluɓe ba. Ya taɓa ba maƙerin garinmu ya gwada, maƙerin ya rantse bai taɓa riƙe azurfa mai tsabtar wannan ba. Baffa ya ce to ka ji, baitulmalinsu yana da lafiya a lokacin, gwamnatin da ta fara talaucewa a jikin kuɗinta ake fara gani.

Amma abin da ya fi girgiza shi, abin da babu ne. Ya juya dirhamin gaba da baya ya ce mu nemo sunan halifa. Babu. Mutum yana mulki daga Farisa har ƙasar Magrib, ya buga kuɗi, ya sa sunan Allah da na Manzonsa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa gari ya sa shekara, ya bar nasa sunan a waje. "Mu kuwa nan," in ji Baffa, "a haƙa 'yar rijiya, allon sunan wanda ya haƙa ya fi bakin rijiyar faɗi."

Lokacin da aka sauya fasalin takardun naira kuɗi ya ɓace a hannun mutane, idon Baffa ya riga ya yi yana. Duk da haka gidanmu aka yi ta kawo sababbin takardun ya duba. Ya shafa ɗaya, ya sansana, ya mayar. Ya ce kowa ya riƙe hatsinsa. A makonnin nan mata suka koma ba da kwanon gero a karɓi man gyaɗa, kamar zamanin kakanni. Na zo daga Bacirawa inda nake aure, ina ta masifa a kan layin banki da na sha. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malama, in bayan shekara dubu aka tone garin nan, takardar nan gara ta cinye ta. Kobo za a samu. Sai a rubuta cewa kobo ne kuɗinmu na ƙarshe. Ki riƙa gaya wa ɗalibanki, shi ma dirhami abin da ya gani kawai yake faɗa." Malama yake kirana tun ranar da na fara aiki, rabi girmamawa rabi tsokana.

Ba na so in mayar da shi waliyyi, don yana da taurin kai, kuma Gwaggo ce ta fi kowa shan sa. Gwaggo ungozoma ce, rabin unguwarmu a hannunta suka faɗo. Mace ce da ba ta iya ganin abu ya dushe ta bar shi. Tasoshinta na jan ƙarfe kana iya duba fuskarka a ciki, in ka ajiye mata buta ka juya baya ka tarar ta sha toka da lemon tsami. A zamanin mahaifiyarsu, idan naƙuda ta yi tsanani akan wanke kuɗin Makka a ƙoƙo kamar yadda ake wanke allo, a cuɗa shi sosai, a ba mai naƙuda ta sha. Da Baffa ya karanta layin bakin ya ga yadda ya suɗe, sai ya hana. Aka yi rigimar da har yau ake labarinta. Gwaggo ta ce gadon mata ne, daga wuyan mace ya fito, ya ƙwace ya mai da shi abin hira da maza. Ta ce kuma ina laifin a wanke sunan Allah daga wannan baƙar dauɗa. Baffa ya ce baƙin nan shi ne tawadarsa, shi ya kwanta a tsakanin haruffa ya fito da su, in aka cire shi an makantar da rubutun. Daga ƙaramar salla har babba ba su yi wa juna magana ba, suna gida ɗaya, sai dai aike.

Ni ce sanadin da ya karya dokarsa. Na zo gida goyon cikin fari, naƙuda ta kama ni tun safe har rana ta karkata ba labari. Ina jin Gwaggo tana salati da irin muryar da ban san ta da ita ba. Sai ga sallamar Baffa a ƙofar ɗaki, wurin da namiji ba ya zuwa a irin wannan lokaci. Ya miƙo hannu ta bayan labule da dirhamin a tafinsa.

"Ki tsoma kawai. Kada ki cuɗa."

Gwaggo ta karɓa ta ce, "Ashe dai ka yarda."

Ya ce, "Da ke na yarda. In ba ta sha ba hankalinki ba zai kwanta ba, in naki bai kwanta ba nata ba zai kwanta ba. Ta sha a sa ta a mota, ga ta can a ƙofar gida na kira."

Na sha, aka kai ni asibiti, aka ciro min ɗana da rai. Har yau Gwaggo na cewa ruwan ne, Baffa kuwa bai taɓa yi mata musu a kan wannan ba.

Akwai wata al'ada tasa da ba a yi a gidan kowa sai namu. A bayan gida muna da rufewa, wato rumbun ƙasa, mai 'yar taga a gefe daidai ƙirjin mutum. A nan yake zuba geron ajiya, wanda ba a taɓawa sai damina ta yi nisa abinci ya ƙare a gidaje, sannan a buɗe a auna wa na ciki da na maƙwabta. Idan an cika ta akan toshe tagar da kasko a yaɓe da laka. Baffa sai ya kawo ɗan yumɓu mai laushi wanda ya tankaɗe da hannunsa, ya manna a tsakiyar yaɓen, ya danna dirhamin a kai ta gefen da ke da sunan garin, ya ɗaga. Hatimi ke nan. Ba don ɓarawo yake yi ba, don 'ya'yansa yake yi, kada wani ya ga farashi ya tashi a kasuwa zuciyarsa ta raya masa wani abu. Ranar buɗewa kuma shi da kansa yake ɓanɓare yumɓun ya jiƙa a ruwa ya zuba a gindin bishiya, saboda sunan Allah kada a taka. Shi ya sa ba a taɓa samun na bara ya kai bana ba. Ko a kakar nan, da ƙyar yake tafiya, sai da aka riƙe shi ya je ya danna.

Da ciwo ya kwantar da shi, Yaya, babban ɗansa, ya yi masa maganar da kowa ke gudu. Yaya manomi ne mai sayar da hatsi, mutum ne mai gaskiya, ba ya son abin da zai raba zumunci. Ya ce magada suna da yawa, dirhami ɗaya ne, ba ya rabuwa, kuma 'yan'uwa mata sun daɗe suna cewa a narka shi a yi musu zobba kowa ta sami albarkar kakanni a hannunta. Ina wurin. Baffa ya yi ta murza dirhamin da babban yatsansa, don tun da idon ya tafi da yatsa yake karanta shi.

Ya ce, "Ba zan hana ku haƙƙinku ba. Muddin ana iya nuna garin da shekarar a karanta, ku bar shi a hannun Malama, na kowa ne. Ranar da ya daina magana, azurfa ce kamar kowace, ku kai wa maƙeri."

Yaya ya ce ya ji ya karɓa. Aka tsayar cewa ranar sadakar uku, duk lokacin da Allah ya kawo ta, zan karanta shi a gaban magada kowa ya shaida. Kada wani ya ce me ya hana ni ɗaukar hotonsa. Na ɗauka da waya ya fi a ƙirga, tsakiyar takan fito, layin bakin kuwa sai wani duhu.

Ranar ukun da safe ina ɗakin Baffa ina naɗe tabarmi Gwaggo ta shigo da abu a ƙulle a gefen mayafinta. Idonta ya kumbura don kuka, amma fuskarta da wani haske.

Ta ce, "Na yi masa wanka. Yau manyan baƙi za su gan shi, ba za a ce ɗan'uwana ya bar kayansa da dauɗa ba."

Ta kwance. Fari fat, yana walƙiya. Toka ta sa, da lemon tsami, da soson ƙarfe, da dukan ƙarfin da ta tara tun suna matasa. Na kai shi bakin ƙofa wurin haske. Shahada tana nan, ta dushe amma tana nan. Layin bakin kuwa, wanda dama da ƙyar yake riƙe, ya tafi. Sai zane-zanen soso.

Ni mai baki ce, duk dangi sun sani, kuma abin da ya zo kan harshena a lokacin, da na sake shi da yau ba ni da gwaggo. Na dube ta na ga tsohuwa ce da ta rasa wanda ta yi shekara da shekaru tana faɗa da shi, ta rasa abin da za ta yi masa, ta yi wanda ta iya. Na haɗiye. Amma ta gani a fuskata, hasken nan ya mutu, ta zauna a ƙasa.

Yaya ya shigo kiran mu. Na miƙa masa dirhamin. Ya juya shi, ya sake juyawa. Na buɗe baki na fara, da sunan Allah, an buga wannan dirhami, sai ya ɗaga hannu.

"Malama, hadda kowa ya iya ta a gidan nan. Nuna min a jiki."

Na sa farce inda na san Wasiɗ take. Babu komai a wurin. Yaya ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma ba haka ya so ba, amma maganar Baba ita ce maganar Baba, kuma maƙeri yana zaure. Ban ji haushinsa ba. Abin da na ji shi ne Baffa ya sake mutuwa a hannuna, kuma wannan karon ina tsaye ina kallo.

Muna cikin haka na ji muryar ƙanen Yaya a tsakar gida yana tambaya ina aka ajiye gatari. Geron gumbar sadaka bai isa ba saboda yawan jama'a, za a buɗe rufewa.

Ban san lokacin da na fita ba. An ce na ture wata baƙuwa da tiren abinci, an ce mayafina a ƙofar ɗaki aka tsince shi. Na iske shi ya ɗaga gatarin, na riƙe ƙotar da hannu biyu na ce ya tsaya don girman Allah. Ya sake min yana kallona kamar na taɓu.

Yumɓun yana nan a tsakiyar yaɓen, ya bushe sarai, ko tsaga bai yi ba. Ranar safe ta bugo shi ta gefe, kowane harafi ya kwanta da 'yar inuwarsa, fiye da yadda na taɓa ganinsa a jikin azurfar. Sai dai a juye yake, dama ta koma hagu. Mutane suka taru a bayana. Na ce a ba ni madubi. Gwaggo ce ta je ta kawo nata, tsohon madubin aurenta, ita ta riƙe shi da kanta a gefen yumɓun, Yaya ya tallafe mata gwiwar hannu.

Na zari tsinke daga jinkar rufewar. Ina nunawa a yumɓu, suna dubawa a madubi. Da sunan Allah. An buga wannan dirhami. A Wasiɗ. A shekara ta, sai ga wani ɗan tsiro kamar ƙwayar gero inda yumɓu ya kutsa ta cikin hudar kakarmu. Da casa'in. Yaya ya karɓi tsinken ya bi layin da kansa tun daga farko, a hankali, leɓensa na motsi, kamar yadda yake bin allo muna yara. Da ya kai ƙarshe ya miƙe ya share fuskarsa da hannun riga.

Ya ce, "Bai yi shiru ba. A gaya wa maƙeri ya sha gumba ya tafi gida." Aka ce da saƙon ya isa zaure maƙerin ya yi hamdala har sau ba adadi.

Saura gero, don baƙi suna jira. Gwaggo ta ce kowa ya matsa, hannun da ya ɓata shi zai ciro wannan. Ta kawo wuƙa da ruwa a ƙoƙo, tana jiƙa lakar da ke kewaye tana yanka kaɗan-kaɗan, da irin haƙurin da take karɓar haihuwa, har yumɓun ya faɗo a tafinta ɗungurungum. Sai ta tsaya tana kallonsa. A gefen zagayen dirhamin akwai wani ɗan lotsawa, inda Baffa ya dafa don ya ɗaga azurfar. Babban yatsansa ne, da zanensa duka, har da tabon lauje da muka san shi da shi.

"Kun gan shi ko," in ji Gwaggo. "Duk inda ya taɓa sai ya bar min shaida."

Ta kama gefen zanenta ta ɗaga, yadda ta saba yi wa duk abin da ya shigo hannunta. Hannun ya tsaya a sama, ya daɗe a tsaye, sannan ta sake zanen ya faɗi.

Ta ce, "Wannan kam ba zan goge ba."

Dirhamin da yumɓun suna wurina yanzu, a gwangwanin madarar nan, a naɗe cikin auduga, kuma na kowa ne kamar yadda ya ce. Idan na fito da su ga ɗalibaina sai na sa su yi alwala, in ba su madubi, in ce su tsaya su yi tunani. Halifan da ya buga kuɗin bai sa sunansa ba, ni ma ban sa na Baffa a nan ba, Wanda ya karɓe shi ya san shi. Allah Ya yalwata masa makwanci, Ya haskaka masa fiye da yadda ya haskaka mana, Ya ba Gwaggo haƙurin rashin abokin faɗanta. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da kalmar da ke tsakiyar dirhamin nan, wadda soso bai iya gogewa ba. Amin.